Rigakafi Ya Fi Magani: Kiyaye Lafiya a Shagunan Sana'a da Ɗakunan Gwaje-gwaje

Gabatarwa

Tun kafin in zauna a aji in fara koyon Hausa, na fara jin ta a garejin kawuna da ke garinmu. Kawuna bakanike ne, kuma a cikin yaransa ba a rasa biyu ko uku da suka zo daga Arewa. A bakinsu na tsinci "sannu da aiki" da "ina gajiya". A garejin nan ne kuma na ga abin da ya sa na zaɓi yin rubutu a kan wannan batu.

Wata rana da azahar, ana tsananin zafi, wani yaro da bai fi mako biyu da zuwa ba ya ga robar ruwa a kan benci, ya ɗauka. Ashe ruwan batir ne a ciki. An rubuta gargaɗi a jikin robar da Turanci, amma shi bai yi karatun boko ba. Wani ya daka masa tsawa da Yarabanci, bai gane ba, ya kai baki. Allah ya sa da ya ji zafi a leɓe sai ya tofar, bai haɗiye ba. Nan da nan mutane suka taru, wani ya ruga ya kawo manja a ɗura masa. Kawuna ya hana, ya sa aka wanke masa baki da ruwa mai yawa, aka kai shi asibiti. Ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci mai yaji. Da ya samu sauƙi, kawuna ya ce in tambaye shi dalilin da ya sa ya yi haka. Sai ya dubi kawuna ya ce, "Oga, ni dai robar ruwa na gani."

Gaskiyarsa ce. Kurakurai uku aka yi a ranar, kuma babu nasa ko ɗaya. An zuba guba a mazubin ruwan sha, an bar ta inda hannu zai kai, an kuma yi gargaɗi da harshen da mutumin ba ya ji. Gyara waɗannan ukun bai buƙatar ko kwabo. Wannan muƙala za ta yi bayani a kan ƙa'idojin farko na kiyaye lafiya a shagunan sana'a, irin su gareji da shagon walda da na kafinta, da kuma ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu da asibitoci. Daga ƙarshe za ta nuna inda mu ɗaliban harshe muke da aiki a ciki.

Girman Matsalar

A ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar a shekarar 2023, kusan mutum miliyan 3 ne suke mutuwa a kowace shekara ta sanadiyyar aikin da suke yi. Daga cikinsu, kimanin 330,000 ne suke mutuwa a haɗarin da ya faru nan take. Sauran, wato kimanin miliyan 2.6, cututtukan da aiki ya haifar ne suke kashe su sannu a hankali. Wannan ya nuna cewa abin da ido ba ya gani, kamar ƙura da hayaƙi da guba, ya fi abin da ido ke gani ɓarna.

Wani zai ce mene ne ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Da yawa daga cikinmu 'ya'yan masu sana'a ne, wasu ma da kuɗin shago ake biya musu kuɗin makaranta. Wasu suna komawa shago a lokacin hutu. Muna kwana ɗaki ɗaya da ɗaliban kimiyya da na injiniya, waɗanda suke zuwa koyon aiki a masana'antu a ƙarƙashin shirin SIWES da aka fara tun 1973. Ban da haka, akwai janareta da tukunyar gas a kusa da kowannenmu.

Matakai Biyar na Rigakafi

Idan aka yi maganar kiyaye lafiya, abin da ya fara zuwa wa mutane a rai shi ne hular kwano da safar hannu. Masana wannan fanni kuwa sun jera matakan rigakafi guda biyar, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, kuma kayan kariya ne suka zo a ƙarshe.

Na farko, a kawar da abin cutarwar gaba ɗaya. Sinadarin da ya lalace ko wayar lantarki da ta zage, a fitar da su daga wurin aiki.

Na biyu, a musanya shi da wanda bai kai shi cutarwa ba. Misali, a wanke hannu da sabulu maimakon fetur, a kuma yi amfani da ma'aunin zafi na lantarki maimakon mai zaiba a ciki.

Na uku, a sa shinge tsakanin mutum da haɗarin. Wannan ya haɗa da murfin da ke rufe faifan injin yanka, da tagogi da fanka masu fitar da hayaƙi, da akwatin zuƙe hayaƙi na ɗakin gwaje-gwaje.

Na huɗu, a tsara yadda ake aiki: a koyar da sabon zuwa, a rubuta alamu, a hana mutum yin aiki mai haɗari shi kaɗai, a ba wanda ya gaji hutu.

Na biyar, a sa kayan kariya: tabarau, safar hannu, takunkumi, takalmi mai rufe ƙafa, da abin toshe kunne.

Dalilin sa kayan kariya a ƙarshe shi ne, suna iya gazawa ba tare da mai su ya sani ba. A watan Agusta na 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth da ke Amurka, wadda ƙwararriya ce a kan gubar ƙarafa, tana aiki da wani sinadarin zaiba mai tsananin guba, sai 'yan ɗigo suka zuba a kan safar hannunta ta roba. Ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin. Bayan kimanin wata biyar alamun cuta suka bayyana, ta rasu a watan Yuni na 1997. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna cewa sinadarin yana ratsa irin wannan safar a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Darasi a nan shi ne, kowane aiki da irin kayan kariyar da suka dace da shi.

A Shagon Sana'a

Abu na farko shi ne tsabta da tsari. Baƙin mai da ya zube a ƙasa, da wayar da aka ja ta tsakiyar hanya, da katako mai ƙusa da aka yar, su ne suke kawo zamewa da tuntuɓe da rauni a kullum. Kowane abin aiki ya kasance yana da wurin zamansa, kuma a share wuri kafin a tashi.

Na biyu, injuna masu juyawa. Duk injin da ke juyawa yana iya kama riga mai faɗi, ko ɗankwali, ko gashi, ko zobe, ya ja mutum. A watan Afrilu na 2011, wata ɗalibar Jami'ar Yale da ke gab da kammala karatu ta rasu bayan injin sassaƙa ƙarfe ya kama gashinta, tana aiki da dare ita kaɗai. Saboda haka a ɗaure gashi, a sa tufafin da suka kama jiki, a cire zobe da agogo. A irin wannan inji safar hannu ma haɗari ce, domin inji yana iya kama ta ya ja hannun. Kada a cire murfin injin yankan ƙarfe don a sa faifan da ya fi ƙarfinsa. A jikin kowane faifai an rubuta iyakar gudun da zai iya ɗauka, kuma idan ya tarwatse gutsattsarinsa kamar harsashi suke fita. Kafin a gyara inji ko a canja masa faifai, a zare shi daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba.

Na uku, walda. Hasken walda yana ƙona fatar ido. Mutum ba ya jin komai a lokacin, sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi da tsakar dare, ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare wannan haske, sai garkuwar fuska mai gilashin walda. Yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe shi ma yana buƙatar tasa. Hayaƙin walda kuma, a shekarar 2017 hukumar binciken cutar sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Don haka a yi walda inda iska ke ratsawa. Haka nan kada a kusanci tankin mai ko durom da wuta don an ga babu komai a ciki. Tururin man da ya rage a ciki shi ne yake fashewa.

Na huɗu, gareji. Jak don ɗaga mota aka yi shi, ba a dogara da shi a shiga ƙarƙashinta. A sa matokari mai ƙarfi, a kuma tare tayoyi. Kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Kada a zuƙi fetur da baki ta tiyo, domin idan ya shiga huhu yana ƙona shi. Batir da ake caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, saboda haka a nisanta shi da sigari da tartsatsi.

Na biyar, ƙara da ƙura. Ana auna ƙara da desibel. Ƙa'idar da masana da yawa suke bi ita ce, kunne yana jure desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, har zuwa 100 inda ya rage minti 15 kacal. Injin yankan ƙarfe yana iya kaiwa nan. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce, idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, to ƙarar ta yi yawa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ƙurar katako da tururin fentin feshi su ma suna lalata hanci da huhu a hankali, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare tururin sinadari.

Na shida, lantarki da janareta. Wutar gidajen Nijeriya tana da ƙarfin da zai kashe mutum. Kada a cusa tsirarar waya a soket, kada a maye fis da guntun waya, kada a taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu. Hayaƙin janareta kuwa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, daga nan sai barcin da ba a tashi. A ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

A Ɗakin Gwaje-gwaje

Ƙa'idojin ɗakin gwaje-gwaje ba su da wuya, sabo da su ne yake sa a raina su. Ba a ci, ba a sha, ba a ajiye abinci a firjin sinadarai. Ba a shiga da silifa. Ba a ɗanɗana sinadari, ba a kuma kai hanci bakin kwalba, sai dai a kaɗo iskar da hannu daga nesa. Ba a zuƙo ruwan gwaji da baki. Kowace kwalba sai da suna a jikinta, kuma wadda ba ta da suna a ɗauke ta a matsayin guba, a kai wa mai kula da ɗakin.

Farar rigar da ake sawa ba ado ba ce. A watan Disamba na 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wata matashiya 'yar shekara 23 tana ɗibar wani sinadari da ke kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa shi, sai sirinjin ya kwance, sinadarin ya zube mata a jiki. Ba ta sanye da rigar kariya, kuma rigar da ke jikinta mai saurin cin wuta ce. Ta rasu bayan kwana 18.

Akwai ƙa'idojin haɗa sinadarai da ya kamata kowa ya sani, ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Idan za a sirka asid, asid ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Idan aka zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi, zafin da zai taso yana iya sa shi ya tafasa ya fantsamo a fuska. Haka kuma ba a haɗa bilic da asid, har da irin wanda ake wanke banɗaki da shi, domin iskar kulorin mai shaƙe numfashi take fitowa. Aikin da ke fitar da tururi mai guba a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake yin sa.

A ɗakunan gwaje-gwaje na asibiti kuwa, jini da allura su ne babban haɗari. Tarihin ƙasarmu yana da misali. An fara gano zazzaɓin Lassa a shekarar 1969, aka sa masa sunan garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. A farkon 1970, wata likita Ba'amurkiya da ke aiki a Jos, Dokta Jeanette Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ta kamu, ta rasu. Shi ya sa ake ɗaukar kowane jini a matsayin mai ɗauke da cuta. Ba a mayar wa allura murfinta da hannu bayan an yi amfani da ita, sai a jefa ta a akwati mai ƙarfi da aka tanada. Gilashin da ya fashe shi ma da tsintsiya ake kwashe shi.

Abu na ƙarshe, kada a kai haɗarin gida. A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa da cin abinci. Mai gyaran batir da mai fenti da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje duk suna iya kai guba gida a jikin tufafi. A bar kayan aiki a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci da kafin a tashi.

Gobara

Wuta kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku suke riƙe da ita: abin da za ta ci, da iska, da zafi. Idan aka cire ɗaya, ta mutu. Ruwa yana cire zafi, saboda haka yana kashe wutar katako da takarda da tufafi. Amma ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta mai, domin man zai taso saman ruwan ya bazu da wutarsa. Ba a kuma zuba shi a wutar lantarki. Ga wutar mai, a yi amfani da yashi, ko bargon kashe wuta, ko tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai kumfa. Ga wutar lantarki, a fara kashe babban makunni, sannan a yi amfani da tukunya mai hoda ko mai iskar kabon dayoksaid.

Amfani da tukunyar kashe gobara mataki huɗu ne: a zare fil ɗin, a nuna bakin tiyo ga gindin wutar, a matsa hannun, a riƙa karkaɗawa dama da hagu. Mai kashewa ya tsaya ƙofa tana bayansa. Idan wutar ta fi ƙarfin tukunya ɗaya, a fita, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Hanyar fita kuwa kada a taɓa toshe ta da kaya ko a sa mata kwaɗo mutane suna ciki. A shekarar 1911 ma'aikata 146 suka mutu a gobarar wata masana'antar ɗinki a birnin New York, kuma kulle ƙofa yana cikin abubuwan da suka hana su tsira.

Taimakon Gaggawa

Sau da yawa abin da ake yi wa mutum bayan haɗari yana ƙara masa ciwo. Ga abubuwan da likitoci suke koyarwa.

Ƙuna: a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi da ke gudana na tsawon minti 20, a cire zobe kafin wurin ya kumbura, a rufe da abu mai tsabta. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko baƙin mai, ko manja. Kada a fasa bororon.

Sinadari a ido ko a fata: a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15 zuwa 20, ido a buɗe, a cire tufafin da suka jiƙa, sannan a tafi asibiti da kwalbar ko sunan sinadarin.

Shan guba: kada a sa mutum amai, kada a ɗura masa manja. Asid da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fitowa, kananzir da fetur kuma suna iya faɗawa huhu. A garzaya da shi asibiti.

Jan wutar lantarki: kada a taɓa mutumin yana manne da waya. A kashe makunni, ko a ture wayar da busasshen katako.

Zubar jini: a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Idan wani abu ya nutse a jiki kada a zare shi. Wanda ƙusa ko ƙarfe ya soka ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanas.

Kowane shago ya kamata ya mallaki akwatin taimakon gaggawa da bokitin ruwa mai tsabta da na yashi. Haɗarin da aka tsallake rijiya da baya shi ma a faɗe shi, domin abin da ya kuskure wani yau yana iya samun wani gobe.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masu masana'antu tsabtace wurin aiki, da samar da iska da haske, da killace injuna masu haɗari, da ajiye kayan taimakon gaggawa, da kai rahoton haɗari. Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne suke da alhakin dubawa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a dalilin aiki, ko ga iyalinsa idan ya rasu. Hukumar NSITF ce take kula da asusun, masu ɗaukar ma'aikata suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. A shekarar 2022 ILO ta sa aiki a wuri mai aminci a cikin muhimman haƙƙoƙin ma'aikaci, kuma tun 2003 take raya ranar 28 ga Afrilu a matsayin ranar kiyaye lafiya a wurin aiki. Sai dai jami'i ba zai tsaya a bakin kowane shago kullum ba. Nauyin yana kan maigida da malami, sannan a kan kowane mai aiki.

Alamu da Harshe

Launukan alamun wurin aiki suna da ma'ana. Ja yana nufin hani ko kayan kashe gobara. Rawaya, a cikin alwatika, gargaɗi ne. Shuɗi umarni ne, kamar a sa tabarau. Kore yana nuna hanyar fita ko wurin taimakon gaggawa. A jikin sinadarai kuma akwai hotuna 9 na tsarin bai-ɗaya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2003, kowanne a cikin jan murabba'i da ke tsaye a kan kusurwarsa. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa yana nufin guba mai kisa. Harshen wuta yana nufin abu mai kamawa da wuta. Ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe yana nufin abu mai cin fata. Matacciyar bishiya da mataccen kifi suna nufin abu mai lalata muhalli.

An yi hotunan ne don su tsallake bambancin harshe, amma hoto ma sai an koya wa mutum ma'anarsa. A nan ne aikinmu yake. A garuruwan Kudu akwai masu jin Hausa da yawa a gareji da wurin gini da kasuwar tsofaffin ƙarafa, waɗanda gargaɗin da ke kewaye da su duk da Turanci yake. Fassarar gargaɗi tana da nata ƙa'idoji. Ta zama gajera, ta zama umarni kai tsaye, kuma ta yi amfani da kalmar da masu sana'ar suka sani. "Ruwan batir ne, guba ne, kada a sha" ya fi duk wata doguwar jimla da aka ƙawata da sababbin kalmomi. A kuma bambanta matakan gargaɗi, a bar "Haɗari" ga abin da zai iya kisa, a yi amfani da "Hattara" ga wanda bai kai nan ba. Sannan a tuna da ajami. Yaron da na ba da labarinsa a farko bai iya boko ba, amma ya yi makarantar allo, yana karanta ajami ba tare da gargada ba.

Kammalawa

A taƙaice, wannan muƙala ta nuna cewa kiyaye lafiya a wurin aiki yana farawa ne da kawar da abin cutarwa da killace shi, kayan kariya kuma su biyo baya. Ta kawo ƙa'idojin shago da na ɗakin gwaje-gwaje, da yadda ake tunkarar gobara da rauni, ta kuma nuna cewa gargaɗin da mutum bai fahimta ba daidai yake da babu.

Bayan abin da ya faru a garejinmu, kawuna ya hana zuba kowane sinadari a robar ruwan sha, ya ware wa ruwan batir akwati mai makulli. Da na koma hutu bayan shekarata ta farko a wannan sashe, na rubuta masa alamu da Yarabanci da Hausa, yaron nan kuma ya rubuta na ajami da hannunsa. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, a hutu mai zuwa kowannenmu ya ziyarci shago ɗaya da ke unguwarsu, ya tambayi masu aikin sunayen kayan aikinsu da abin da ya fi ji musu rauni, ya rubuta musu gargaɗi biyar da harshen da suke ji. Idan muka dawo, sai mu haɗa kalmomin da muka tara mu miƙa wa malamanmu su duba.